Bikin da Aka Shirya wa Afiniki

Ni tun ina yarinya na tsani mutumin da zai ce yana nan zuwa da hantsi, sai bayan la'asar a gan shi ya shigo yana washe baki kamar ya yi abin kirki. Innata ta ce wannan halin ne ya kai ni shekara talatin da ɗaya a gida, wai idan sai mai cika lokaci zan aura, to in je kasuwa in auro agogo. Shi ya sa da Habila ya ɓullo, na ɗauka Ubangiji ne ya gaji da mitata ya sallame ni.

Sunana Liyatu. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, awon masu ciki da rigakafin jarirai. Mu Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa, kuma a warwatse muke, ƙauye nan ƙauye can, tun daga Bebeji har gindin duwatsun Doguwa. A da sai an jira taron matasa na shekara kafin saurayi ya ga budurwar da ba 'yar gwaggonsa ba. Yanzu muna da guruf a waya, inda ake tura ayar safe da hotunan biki da gardamar da ba ta da kai ba ta da gindi. A nan Habila ya ga sunana da hotona.

Saƙonsa na farko ya fi kama da takardar neman aiki. Ya gaishe ni, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce shi mai haɗa wutar sola ne daga wani ƙauye a bayan Bebeji, ya faɗi cocinsu da sunan fastonsu domin in bincika. Ya ce aure ne nufinsa, ba hira ba, kuma idan na yarda zai kira ni ranar Alhamis in na tashi daga aiki. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ranar Alhamis ina murza makullin ƙofar asibiti wayata ta yi ƙara.

Komai na rayuwar Habila yana cikin kalandar wayarsa. Ranar canza wa babur mai, ranar duba batirin coci, ranar zuwa gaida kawunsa, duk wayar ce ke tuna masa da wata 'yar ƙararrawa mai sanyin murya. Ni ma ya shigar da ni ciki. Kafin ya zo gaida Inna sai da ya sa muka yi gwajin jini, ya ce gara a san gaskiya tun zuciya ba ta yi nisa ba. Ni da nake ganin yara masu ciwon sikila suna murƙususu a kan gadon asibitinmu, wannan maganar ta shiga raina fiye da duk daɗin bakin da samari suka taɓa yi mini. Ba ya ƙarya, ba ya alkawarin da ba zai cika ba, ba ya ɗaga murya. Na so shi, so na gaske, irin wanda mace ke jin kunyar kanta a kansa idan ta kai shekaruna.

Bai ɓoye mini zancen Afiniki ba. A zuwansa na biyu ya gaya mini cewa ya taɓa neman aure, 'yar wani ƙauye ce kusa da Yako, har an tsayar da rana, zazzaɓi ya kama ta da damina, ta rasu ana saura 'yan makonni biki. Shekara uku ke nan. Ya faɗe shi tiryan-tiryan kamar mai karanta sanarwa a coci, ko muryarsa ba ta girgiza ba. Na yi masa ta'aziyya, a raina kuma na ce wannan mutum ya warke.

Da aka tsayar da tamu ranar, wata Asabar bayan an gama kaka, sai na ga shirin biki yana tafiya da kansa. Ni na ga bukukuwan ƙawayena, na san yadda ake kai ruwa rana a kan wurin liyafa da masu dafa abinci da waƙoƙin da mawaƙan coci za su rera. Namu ba haka ba. Duk abin da na tambaya, sai Habila ya duba waya ya ce an gama. Na riƙa yi wa ƙawayena fankama, ina cewa su je su nemo miji mai kai.

A shagon Uzairu tela na Ƙafin Maiyaki abin ya fara yi mini ɗaci. Mun je ne ni da Habila a kan zancen anko, ni ina ta saƙa launin da nake so a raina, ruwan goro da fari. Muna shiga Uzairu ya miƙe da murnarsa, ya taka benci ya sauko da wani ƙunshi daga can saman kanta, ledar duk ta yi ƙura. Ya ce kayanmu na nan tun wancan karon, ko zare ɗaya bai taɓa ba. Ya warware: shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, turmi a kan turmi. Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni sosai. Bawan Allah ya rasa abin da ya kamata ya ce, ya yi mini barka, ya kuma ce Allah ya ba da haƙuri, duk a numfashi ɗaya.

Na danne har muka fito bakin titi. Nan na tambayi Habila wa ya zaɓi wannan atamfa. Ya ce Afiniki. Wurin liyafa fa? Ita. Waƙoƙin? Ita ce, ai tana cikin mawaƙa. Shuɗin fentin da ya yi wa ɗakin da zan zauna, wanda na yaba har na ce yana da ido? Bai ma fahimci dalilin da ya sa muryata ta canza ba. Ya ciro waya ya nuna mini, da irin alfaharin da yake nuna wa mutane wayoyin sola idan ya jera su tsaf a bango. Shirin yana nan yadda suka tsara shi su biyu. Shekara kawai ya matsar, ya goge suna ya sa nawa.

"Shiri ne mai kyau, Liyatu," ya ce. "Mun ɓata lokaci a kansa. Me zai sa a zubar?"

Na karɓi wayar na ci gaba da turawa sama. Shirin bai tsaya a ranar biki ba. Akwai ranar da zai kai ni in yi rajistar kwalejin ilimi, ni da na gama makarantar kiwon lafiya tun ba yau ba. Akwai sunayen 'ya'ya, na mace da na namiji. Ya leƙo ya ga inda nake kallo, ya ce wancan na kwalejin ya shafa'a, zai gyara. Ya kuwa gyara a gabana, da ɗan yatsa ɗaya.

Duk wanda ya san ni zai ɗauka a ranar na tayar da ƙura. Ban tayar ba. Na tuna Inna da ta riga ta gaya wa duk zumuntar mata, tana tafiya kamar an cire mata ciwon ƙafa. Na tuna shekaruna. Na ce wa kaina ai tattali ne, atamfa ba ta san wanda ya zaɓe ta ba. Na hau bayan babur ɗinsa muka tafi, amma a hanya ban riƙe rigarsa ba kamar yadda na saba, ƙarfen baya na riƙe.

A cikin shirin akwai ranar zuwa gaida mahaifiyar Afiniki. Wannan kam sabo ne, shi ya ƙara da kansa, kuma na ga dacewarsa. Mama Kande sunanta, gwauruwa ce, Afiniki ce kaɗai 'yarta mace. Gidan yana ƙarshen ƙauye, daga tsakar gida ana hango ɗorawar da ke bayan coci, inda kabarin yake. Na tafi da fargabar za ta karɓe ni a daƙile. Da ma hakan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Tana ganina ta saki tsintsiyar hannunta. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce 'yata, ta sake cewa 'yata. Ta ba ni fura, ta ba ni gyaɗa, ta zauna tana kallon yadda nake haɗiya. Habila ya fita duba mata fitilar solar da ya sa mata, sai ta ja hannuna zuwa ɗaki. Akwai hoton Afiniki a bango, cikin rigar mawaƙa. Na tsaya na ƙare masa kallo ina neman kaina a ciki, ban samu ba. Ita fara ce mai zagayayyar fuska, ni baƙa ce mai dogon hanci. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Mama Kande ta buɗe akwatin ƙarfe ta fito da rigar amarya, fara sol, an ɗinka an goge ba a taɓa sawa ba, tana warin kafur. Ta ce tun da Habila ya gaya mata zai yi aure take addu'a rigar nan ta shiga coci. Ta roƙe ni in gwada. Na buɗe baki zan ce a'a, na ga idonta, na kasa.

Rigar ta zauna a jikina kamar an auna ni. Kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu, babu inda za a rage ko a ƙara. Tsigar jikina ta tashi.

"Juya mini baya, 'yata," ta ce.

Na juya ina fuskantar bango. Na ji ta ja numfashi, sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa, kuma ba da ni take ba. Tana cewa akuyar nan ta haifi biyu, tana cewa rufin ɗaki ya daina zuba, tana cewa me ya sa kika tafi ba ki ci tuwon da na ajiye miki ba. Ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayana ta bar shi a nan. Ina tsaye cikin rigar matacciya, ina kallon bango, ana gaya wa bayana labarin gida. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban iya jin haushin tsohuwar ba ko kaɗan.

Da muka fito na tambayi Habila, a cikin duk hotunan 'yan matan guruf, me ya sa ni. Ya yi tunani da gaske, domin shi ba ya amsa tambaya da ka. Ya ce hoton da ya fara gani na taron matasa ne a Doguwa, ina tsaye a layin karɓar abinci, na ba mai ɗaukar hoton baya. Ya ce bai san dalili ba, kawai ya tsaya a kan hoton, daga baya ya nemi mai shi.

Daga ranar Afiniki ta tare a rayuwata. Ba na ganin komai, ba na jin murya, kada wani ya ce na haɗu da iska. Amma duk lokacin da 'yar ƙararrawar nan ta yi ƙara a aljihun Habila, sai in ji ita ce ke cewa lokaci ya yi, a tashi a yi abu na gaba. Ina cikin rubuta sunana a katin awo sai in tsaya ina kallonsa kamar ba nawa ba. Na daina son a tsaya a bayana. Wata mai ciki ta taɓa kafaɗata a asibiti tana son tambaya, na zabura har na zubar da tiren allura. Da dare ya yi nakan yi addu'a in ce Ubangiji ka nuna mini, da safe kuma in tashi in je in yi abin da kalanda ta ce.

Abu ɗaya ya rage kafin a fara sanarwar aurenmu a coci, wato zuwa wurin Baba Rabaran Zakka. Tsohon fasto ne a ƙauyen su Habila, ya daɗe da yin ritaya, idanunsa sun kusa rufewa. Sabon fasto shi ke koyarwar aure, da ɗan littafinsa da bidiyon da yake kunna wa masu shirin aure, kuma mun gama da shi lafiya. Amma dattawan ikilisiya ba sa yarda a kira sunan kowa a gaban jama'a sai ya bi ta ɗakin Baba. Shi ba ya wa'azi, ba ya yawan tambaya. Yana sa saurayi da budurwa su durƙusa a tabarma, kowa ya yi wa ɗan'uwansa addu'a da babbar murya, shi kuma yana saurare. Matasa na kiran abin jarrabawar Baba, suna dariya, sai ranar da ta zo kansu.

Habila ya shirya wa wannan ma. A hanya ya gaya mini ya rubuta addu'arsa a waya, ya saka ayoyi uku, ya karanta ya gyara. Ya ce idan ina so ya tura mini in ga tsarin. Na ce ya bar shi.

Mun sami Baba a ƙofar ɗakinsa cikin kujerar katako, rana ta karkata. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce hannun mai aiki ne. Sannan ya jawo wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin kujera ya miƙo, ya ce mu zuba wayoyinmu a ciki. Na jefa tawa. Habila ya tsaya da tasa a hannu, ya fara bayanin cewa addu'ar tana ciki.

"Wanda za ka yi magana da Shi ya san ka, ɗana," in ji Baba. "Ba sai ka karanta masa ba."

Wayar ta shiga ƙwarya, ƙwarya ta koma ƙarƙashin kujera.

Ni aka ce in fara. Na fara da irin addu'ar da kowa ya iya, godiya da neman albarka a kan aikin hannunsa. Ban yi nisa ba halina ya motsa. Na gaya wa Ubangiji ƙiri-ƙiri cewa ina son mutumin nan da ke durƙushe kusa da ni, kuma ina jin tsoro. Na ce an gyara mini ɗaki, an ɗinka mini riga, an zaɓa wa 'ya'yana suna, amma ban san ko akwai inda zan zauna a gidan ba. Na roƙa masa lafiya da tsawon rai, da gaske na roƙa. Na ce amin, Baba ya ce amin.

Sai aka zo kan Habila. Kaji suna tono a tsakar gida, injin niƙa yana ta ƙara a wani wuri, can daga unguwar gaba aka kira sallar la'asar har aka gama. Gwiwoyina suka fara zafi. Na ɗan buɗe ido ɗaya na ga Habila ya dunƙule hannu, gumi na bin wuyansa, leɓɓansa a rufe. Baba kuwa ya jingina da kujera kamar wanda ba shi da wurin zuwa har ƙarshen duniya.

"Baba, ba zan iya ba," Habila ya ce daga ƙarshe.

"Me ya hana?"

"Ba ma magana."

"Kai da wa?"

"Ni da Shi."

Baba ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar da suka ɗauko Afiniki daga asibiti a bayan mota, an rufe mata fuska. Wannan mutumin da ba ya fashin sujada, wanda ke zuwa coci kafin kowa ya kunna amsa-kuwwa, wanda ke tura ayar safe a guruf kafin zakara ya gama cara. Ya ce ƙararrawar addu'ar safe tana bugawa kullum, yana kashe ta ya tashi ya wanke fuska. Ya ce tun daga lokacin ya ƙudura ba zai ƙara barin wani abu nasa a hannun da ba ya gani ba, duk abin da zai iya tsarawa zai tsara da kansa.

Na zaci Baba zai buɗe masa Littafi Mai Tsarki ko ya yi masa faɗa. Cewa kawai ya yi, "A kan wannan tabarmar kuka durƙusa kai da ita, na ji addu'arka a ranar. Mai wannan bakin yana nan. Za mu jira shi."

Muka jira. Inuwar zauren ta matso har ta rufe ƙafafunmu.

Abin da ya fara fitowa daga bakin Habila ba kalma ba ce, wani gunji ne irin na wanda aka danne wa ƙirji. Sannan maganar ta ɓalle. Babu ayoyi uku, babu tsari. Faɗa yake yi da Ubangiji, gaba da gaba. Ya ce na yi duk abin da aka ce, na bi ta wurin iyaye, na bi ta wurin dattawa, ban taɓa ko gefen zanenta ba, na yi azumi da ta kwanta, na riƙe ƙafafunta ina kiran sunanka har muryata ta dushe, ka ji ni kuma ka ɗauke ta. Ya ce rigarta na akwati, me ka rasa a sama da sai ita. Daga faɗan ya gangara cikin labarinta. Yadda take shan rake tana tara ɓawon a cinyarta. Yadda take ɓata waƙa idan ta hango shi a taga. Yadda ta ce masa a daren ƙarshe ƙafafunta sun yi sanyi, ya cire rigarsa ya naɗe mata. Yana kuka da majina da komai, yana dukan tabarma da tafin hannu.

Ban taɓa jin wannan muryar ba. Wata takwas muna tare, ban san yana da ita ba. Mutumin da nake so yana durƙushe kusa da ni, a raye, da ɗuminsa, karo na farko tun da na san shi, kuma duk abin da ke fitowa daga cikinsa na wata ne. Na kasa kunne ina jira. Ko a ƙarshe, ko a cikin jerin mutanen da ake ambata kafin a rufe, ko kalma ɗaya. Aikin da aka ba shi ke nan fa, ya yi wa Liyatu addu'a. Ya yi ta yi har muryarsa ta ƙare, ya ce cikin sunan Yesu, ya kifa goshinsa a ƙasa.

Na ce amin. Da zuciya ɗaya na faɗa, domin addu'a ce ta gaskiya, ban taɓa jin wadda ta fi ta ba. Hawayena na ɗiga a kan tabarma, rabi nasa ne rabi nawa.

Baba ya bar mu muka huce. Ya sa aka kawo ruwa a moɗa, Habila ya sha ya wanke fuska, ya zauna yana kallon hannuwansa kamar wanda ya farfaɗo daga suma. Har wani haske na gani a fuskarsa, kuma na yi masa murna, Allah ya sani. Bai lura da abin da bai faɗa ba. Baba ya lura. Ya juyo da fuskarsa wajena, da idanun nan nasa da suka yi fari.

"'Yata, a kira sunanku ranar Lahadi?"

"A'a, Baba."

Habila ya ɗago da sauri. Ya tambaye ni ko ya yi mini laifi. Na ce bai taɓa yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya, yau ma bai yi ba. Na gaya masa abin da kunnena ya ji da abin da bai ji ba. Na ga yana bin addu'ar tasa a baya a cikin kansa, yana nemana a ciki, kamar mai lalube a aljihu. Da ya kai ƙarshe bai same ni ba, hasken nan ya dushe.

"To sai yaushe, Liyatu?"

"Ba ni da rana. Ka ci gaba da zuwa wurin Baba. Duk ranar da ka durƙusa sunana ya fito da kansa, ba shirya shi ka yi ba, ka zo Tudun Wada, ka san inda nake."

Ya juya wajen Baba, ina jin yana so tsohon ya yanka masa wa'adi, wata uku ko shida, abin da mutum zai iya riƙewa. Baba bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ce wannan ranar ba ta hannunsa, ba ta hannun Habila, kuma ba zai yi mana ƙaryar cewa tabbas tana zuwa ba. Ya jawo ƙwarya ya ba kowa wayarsa. A motar haya na koma gida ranar.

Inna ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. A guruf aka yi ta jefa ayoyi a kan haƙuri da girman kai, kowa ya san da wa ake, na fita na bar musu. Waɗanda na yi wa fankama suka sami abin taunawa, ban ga laifinsu ba.

Kaka biyu ke nan da wannan ranar. Labari yana iso ni ko ban nema ba. An ce Habila na zuwa ɗakin Baba kusan kowane mako. An ce ya yi ƙiba, yana dariya da ƙarfi, har ya taɓa makara zuwa sujada, abin da ya zama zance a ƙauyen. Bai nemi wata ba. Ni ma wasu sun zo, na saurare su da ladabi na sallame su. Idan na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar asibiti a lokacin da ba a saba ba, gabana yakan faɗi, in leƙa in ga mai kawo mai naƙuda ne.

Ƙarshen wata nakan kai wa Baba maganin ɗigawa a ido, duk da na san akwai masu saya masa a can. Ina zaɓar ranar kasuwa, lokacin da Habila ba ya gari. Ni ba na tambaya, Baba kuma ba ya fallasa abin da aka faɗa a kan tabarmarsa, amma na san da akwai albishir da fuskar tsohon ba za ta iya riƙe shi ba. Nakan durƙusa in gaishe shi, in ɗiga masa maganin, in ɗan daɗe ina gyara murfin kwalbar. Yakan riƙe hannuna, sannan ya tambaye ni yaya ƙafar Inna.

Jiya ma na je. Na ce masa ƙafar da sauƙi.